Talabijin Ɗin Maƙwabta

Bugun ƙofar da aka yi ba na mai zuwa gaisuwa ba ne, na mai zuwa faɗa ne.

Auta ta ɗago kai daga kan kwamfuta, ta dubi Baba da ke kishingiɗe a kujerarsa, ya zuba wa baƙin allon talabijin ido yana jira. Sabon talabijin ne, Yayanta ya aiko da shi bayan tsohon ya mutu, ya ce wannan ba ya buƙatar waya, ta iska ake tura masa bidiyo. Tun ɗazu take turawa. Kwamfuta ta ce ya tafi, talabijin kuwa ko ƙyaftawa bai yi ba.

Aka sake bugawa.

Ta ja mayafi ta buɗe. Wani dogon saurayi ne tsaye, sai da ta ɗaga kai kafin ta ga fuskarsa. Rimot a hannunsa, silifas ɗin ƙafarsa kowanne da launinsa.

"Sannu. Don Allah a nan ake biki?"

"Biki kuma? Malam, ka ga alamar biki a nan?"

"To, wani biki dai ya faɗo mana cikin falo. Mahaifiyata na tsakiyar kallon shirinta, sai ga ango da amarya suna yanka kek. Na kashe, ya dawo. Na sake kashewa, ya sake dawowa. Tun daga ƙasa nake bin ƙofa-ƙofa, ke ce ta ƙarshe."

Auta ta haɗe rai.

"Kwamfutata ce, talabijin ɗinmu ne. Me ya haɗa ni da falonku?"

"Wayifai ɗin mai gida. Duk benen nan a kansa muke. Duk talabijin ɗin da ke kai, kwamfutarki tana ganinsa."

"Ai ba ni kaɗai ke da kwamfuta a gidan nan ba."

"Haka ne." Ya gyara tsayuwa. "Amaryar dai ruwan hoda ta sa. Akwai wata goggo a gefenta tana ta gyara mata ɗaurin ɗankwali, ita kuma tana ture hannun..."

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Sana'arta ke nan, haɗa bidiyon biki. Masu ɗaukar hoto su kawo mata abin da suka ɗauko, ta yanke, ta jera, ta gyara launi. Wannan bikin ko masu shi ba su gani ba tukuna, gwaji kawai take yi da shi kafin ta saka wa Baba nasa. Ga shi ta watsa amaryar mutane a falon da ba ta taɓa shiga ba.

Daga ciki muryar Baba ta fito a hankali, kalma na jan kalma.

"Auta... wa...ye? A shigo."

Saurayin ya cire silifas ya shiga. Da ya ga tsohon, ya ga sandar da ke jingine da kujera da hannun daman da ke kwance a cinya ba motsi, sai duk zafin da ya taho da shi ya sauka. Ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, ina yini? Ya ƙarfin jiki? Ni ne ɗan gidan da ke ƙarƙashinku."

Ya nemi izini ya duba kwamfutar. Talabijin ɗaya tak ke cikin jerin, shi ne ta yi ta dannawa.

"Kin gani? Wannan namu ne. Naku ba a ma haɗa shi da wayifai ɗin ba, shi ya sa bai fito ba. Ba laifinki ba ne, kamfaninsu ɗaya, sunansu ɗaya."

"Ai da ma ban ce laifina ba ne."

Ya danne dariya. Ya karɓi rimot ɗinsu, ya shiga nan ya fita can, ya saka lambar sirrin wayifai, sannan ya juyo.

"Baba, wane suna za a raɗa masa, don kada a sake kai amarya gidan da ba nata ba?"

Gefen bakin Baba mai lafiya ya motsa. "Na... Baba."

Haka aka rubuta. Auta ta danna, allon ya yi haske, sai ga Umma.

Tsohon bidiyo ne da aka ɗauka da waya. Umma na tsaye a kicin tana wanke kofuna, tana faɗa da mai ɗaukar, tana dariya, tana kare fuska da hannu mai kumfa. Shekara uku da rasuwarta, kullum bayan la'asar sai Baba ya kalle shi. A wannan babban allon kuwa, kamar ta miƙo hannu ta taɓa shi.

Baba ya zuba mata ido.

Lokacin da Auta ta waiwaya don ta yi godiya, saurayin ya riga ya fita, ya ja musu ƙofa a hankali. Rimot ɗin gidansu ma a kan tebur ya manta shi.

Washegari da hantsi wata dattijuwa mai faɗin fuska ta yi sallama, tana haki saboda hawan bene.

"Ni ce uwar Dogo, wanda ya shigo muku jiya. Na zo karɓar rimot, na kuma zo a ƙarasa mini bikina. Daidai inda uwar ango ta miƙe za ta taka rawa aka katse mini."

Auta ta sunkuyar da kai tana murmushi. "Mama, ki yi haƙuri. Bikin mutane ne, amana aka ba ni. Jiya ma kuskure ne."

Mama ta ƙare mata kallo daga sama har ƙasa, ta gyaɗa kai.

"To madalla. Da kin nuna mini, da na kalla, amma da kin faɗi a idona. Ina mai jikin?"

Tun daga ranar ƙafa ta buɗe tsakanin gidajen biyu. Mama kan hawo da carbinta ta zauna tana ba Baba labarin shirin da take bi, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Dogo kuwa a ɗakin gwajin jini yake aiki a asibiti. Idan ya taso, kafin ya cire takalmi sai ya hawo ya auna jinin Baba, ya kama shi su taka a baranda daga wannan bango zuwa wancan. Baba tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekaru yana ratsa garuruwa, yanzu baranda ce ta zama masa doguwar hanya.

"Baba, a ƙara giya," in ji Dogo.

"Ta...ya ɗaya... ba iska," Baba ya ce, yana nuna ƙafarsa ta dama.

Auta na ciki tana jinsu, ta rufe baki tana dariya. Rabon da ta ji Baba ya yi barkwanci har ta manta.

Ba ta san ranar da abin ya fara ba. Ta dai lura tana gane takunsa a kan matattakala, ya bambanta da na kowa, bibbiyu yake tsallakewa. Ta lura tana canja mayafi idan yamma ta yi. Shi kuma ya ƙirƙiro dalilai. Yau wayifai ya yi rauni bari ya duba, gobe talabijin na neman sabuntawa.

"Mai Bidiyo, yau bikin wa muke ci?"

"Ba na ce maka amana ba ce?"

"Ai ba kallo zan yi ba. Ina so ne in san ko akwai kek."

"Kai dai ba ka da aiki."

"Ina da shi. Ga shi ina yi."

Ta ɗago ido, ta tarar ita yake kallo, ba kwamfutar ba. Ta mayar da kai da sauri, ta yanke wani wuri da bai kamata a yanke ba.

A saman bene, inda ake shanya, ya faɗa mata. Tana kwashe kayan Baba daga igiya, shi yana riƙe mata kwando.

"Auta, ina sonki. Na san kin sani, amma ina so ki ji daga bakina. Ke nake tunani ina aiki, ke nake tunani ina kan hanya. Jiya saura kaɗan in rubuta sunanki a kan kwalbar jinin wani bawan Allah."

Ta yi dariya, idonta ya ciko.

"Akwai kuma wata magana," ya ce, muryarsa ta sauka. "An buɗe sabon asibiti, an ba ni riƙon ɗakin gwajinsa. Garin da nisa, tafiyar yini ce. Bayan watanni kaɗan zan koma. Ina so in tafi da ke, a matsayin matata."

Rigar da ke hannunta ta tsaya cak.

"Baba fa?"

"Mu tafi da shi. Na riga na ce a nemo mini gida mai ɗaki a ƙasa, ba hawa ba sauka."

"Ba ka san Baba ba. Ba zai taɓa zama a gidan suruki ba, ko a mafarki."

"To Yayanki..."

"Yaya yana da iyalinsa, yana da aikinsa. Matarsa ba ta san yadda ake masa wanka ba, ba ta san wane magani ne kafin abinci wane ne bayansa ba. Idan ya ce abu, ni kaɗai nake ganewa tun bai ƙarasa ba." Ta jefa rigar cikin kwando. "Ranar da Umma za ta rasu, hannuna ta riƙe ta ce, Auta, ga Babanki nan. Ban ce mata sai in ban samu miji ba."

"Rabin raina, ki saurare ni..."

"Kada ka kira ni haka. Don Allah. Ka tafi aikinka, Allah ya ba ka wadda ba ta da nauyi a kanta."

Ta karɓe kwandon ta sauka. Sai da ta kai ƙofa ta tuna tagar ɗakin Baba a buɗe take, daidai ƙarƙashin igiyar shanya. Ta leƙa. Yana kwance ya juya wa ƙofa baya, kamar mai barci.

Kwanakin da suka biyo baya Dogo bai daina hawowa ba. Yakan auna jini, ya taka da Baba, ya gaishe ta kamar yadda ake gaida maƙwabciya, ya sauka. Babu Mai Bidiyo, babu tambayar kek. Ita kuma ta yi ta haɗa bukukuwan mutane, tana gyara hasken fuskar amare, tana goge idonta da bakin mayafi.

Abin da ya fi damunta shi ne Baba. Ya canja. Idan ta kawo shayi ya ce ya yi zafi, ta fifita ya ce ya huce. Ta zo za ta ɓalle masa maɓallin riga ya janye jiki. Sannan ga aike. Kullum da yamma sai ya nemo abin da babu a gidan, kuma sai na shagon da ya fi nisa.

Wata rana ta dawo da wuri, ta yi kiciɓis da Dogo yana fitowa daga gidansu. Yana ganinta ya yi tsuru-tsuru.

"Me kuke ƙullawa kai da Baba?"

"Jini na auna."

"Ina abin awon?"

Ya dubi hannuwansa, babu komai a ciki. Ya sosa ƙeya.

"Shi za ki tambaya. Ya sa na yi alkawari."

Ba ta kai ga tambaya ba, domin a ƙarshen makon Yaya ya iso ba sanarwa. Ya shigo da jakarsa da tsarabar yara, ya gaida Baba, ya sha ruwa, sannan ya ce mata ta zauna.

"Baba ne ya sa aka kira ni. Ya ce yana so ya koma wurina."

Auta ta dubi Baba. Ya kafe idonsa a kan kafet.

"Ya koma wurinka? Yaushe aka yi wannan maganar ban sani ba?"

"Auta, ki kwantar da hankalinki. Na gyara masa ɗaki, akwai mai jinyar da za ta riƙa zuwa, ga yara..."

"Yara?" Ta miƙe tsaye. "Yaya, ina kake lokacin da ya faɗi a banɗaki, na rasa wanda zai kama mini shi? Ina kake lokacin da nake koya masa riƙe cokali? Ka aiko talabijin, shi ke nan ka sauke nauyi? Yanzu da ya fara takawa ne ka tuna kana da uba?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Bai musa ba.

"Gaskiya kika faɗa," ya ce a hankali. "Na bar miki kayan da ya kamata mu ɗauka tare. Shi ya sa na zo."

Ta juya ga Baba, ta durƙusa a gabansa, hawaye na zuba.

"Baba, me na yi maka? Idan shayin ne zan gyara. Idan wani abu na faɗa ka yafe mini. Ka gaji da ni ne?"

Baba ya nuna teburin da hannun hagu.

"Kwam...futa."

"Umma kake so? Bari in saka maka."

"A'a. Kawo."

Ta ɗora masa a cinya, ta tsaya tana kallo. Ya buɗe murfin da hannu ɗaya, ya tokare shi da gwiwa. Yatsansa na rawa, ya kai kibiyar kan bidiyon, ta zame, ya dawo da ita. Auta ta miƙa hannu za ta taimaka, ya ɗago ya watsa mata wani kallo irin na da, na lokacin da yake da lafiya. Ta janye.

Ya danna. Ya nemo ɗan hoton allo da ke kusurwa, ya danna. Jerin talabijin ɗin gidan ya fito. Ya bi su da yatsa yana motsa baki, ya wuce na farko, ya wuce na biyu, ya tsaya a kan nasa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi.

Allon ya yi haske. Umma ta fito tana dariya.

Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar kofuna daga cikin talabijin.

"Na... iya," Baba ya ce. "Maɓallin riga... na iya. Magani... fari da safe, ja da dare. Na iya."

Sai a lokacin ta gane aiken shagon nesa, ta gane shayin da ba ya taɓa yin daidai, ta gane abin da Dogo ke yi a gidan ba tare da abin awo ba.

"Baba, ka ji maganarmu ranar nan..."

"Kunne...na bai shanye ba."

Yaya ya yi wata 'yar dariya, ya goge ido.

"Amma Umma ta ce..."

Baba ya ɗaga hannu ya tsayar da ita. Ya daɗe yana tattaro kalmomin, kowacce sai ya yi kokawa da ita kafin ta fito, amma babu wanda ya katse shi.

"Ta ce miki... ga Babanki. Ni ma... ta ce mini... ga Auta. Ta ce... kada ka bari... ta tsufa a kanka." Ya nuna allon. "Idan na je... me zan ce mata?"

Auta ta kifa kai a gwiwarsa ta fashe da kuka, irin kukan da ta daɗe tana haɗiyewa. Ya ɗora hannunsa mai lafiya a kanta.

"Yaron... kirki ne. Haƙuri... gare shi. Sau nawa... na tura Ummanki... falonsu. Bai gaji ba."

Ta yi dariya cikin kukan.

"To ka biyo mu, Baba. Ya ce akwai ɗaki a ƙasa."

"Gidan... suruki? In yi tari... in ji kunya?" Ya girgiza kai. "Ina da ɗa. Ya ɗanɗana... shi ma."

"Na shiga uku," in ji Yaya, yana murmushi.

Da yamma ta sauka bene. Mama ce ta buɗe, ta dubi kumburarrun idanunta, sai ta waiwaya ciki.

"Dogo, fito. Ga wadda ta hana ka cin abinci."

Ya fito yana gyara wuyan riga. Mama ta koma ciki, amma ƙofar ba ta rufu duka ba.

"Ka haɗa baki da Babana," Auta ta ce.

"Shi ya kira ni. Na ce masa ba na so ki ga kamar na bi ta bayan gida. Ya ce ko na koya masa ko ya nemi wani, kuma in na faɗa miki ba shi ba ni." Ya dube ta. "Wallahi ban yi don ki canja ra'ayi ba. Da kin ce a'a har gobe, da zan ci gaba da hawowa har ranar tafiyata."

"Na sani."

"To... me kika zo faɗa mini?"

Ta dubi ƙasa, ta murza bakin mayafi.

"Sunan nan da na ce kada ka kira ni da shi..."

"Wanne?"

"Ka san shi."

"Na manta. Tuna mini."

"Dogo, zan koma sama."

"Rabin raina," ya ce da sauri. "Rabin raina. Sau nawa kike so in faɗa?"

Daga bayan ƙofa aka ji Mama ta ce, "Alhamdulillahi. Ni dai a sani, da ni za a tafi. Ba ni da kunyar suruka."

Watannin da suka rage Auta ta yi su ne tana koyarwa. Matar Yaya ta zo ta yi mako guda, ta koyi yadda ake tallafar Baba daga hagu, da yadda ake jira ya ƙarasa magana ba a ƙarasa masa ba. Mace ce mai sanyin hali, ba kamar yadda Auta ta zata ba. Ranar da Baba ya yi mata tsawa a kan gishiri ta fito kicin tana dariya, ta ce, "Yau na zama 'yar gida."

Aka ɗaura aure ba wani taro mai yawa. Masu ɗaukar hoton da Auta ke yi wa aiki suka zo da kyamarorinsu, suka ce ko ta ƙi ko ta so sai sun ɗauka. Duk yinin Baba na zaune cikin farar riga, fuska a sake, yana amsa gaisuwa. Da ta durƙusa yi masa sallama tana kuka kamar ranta zai fita, idonsa a bushe yake.

"Tashi... mota na jira. Direba... ba ya son jira."

Abin ya tsaya mata a rai har suka isa. A sabon gidan ma, tana jera kwanuka tana tunani. Ko da gaske ya gaji da ita ne?

Bayan kwana biyu aka turo mata abin da aka ɗauka, ɗanye, ba yanka ba gyara. Dogo ya tafi aiki, Mama na ɗaki tana hutawa. Ta haɗa kwamfuta da talabijin ɗin falo, ta zauna da niyyar aiki kamar kowane biki.

Ta wuce gaisuwa, ta wuce hotuna, ta kai inda motarsu ta tashi. Nan ya kamata mai kyamara ya kashe, amma bai kashe ba. Ya juya kan mutanen da ke komawa ciki, sai ga Baba.

Ya miƙe da kansa. Yaya ya kawo hannu, ya ture. Ya dogara sanda, ya ja ƙafa har bakin titi, ya tsaya yana kallon inda motar ta bi. Ya ɗaga hannun hagu, ya riƙe shi a sama, ko da yake babu sauran wanda zai gani. Sannan kafaɗunsa suka fara girgiza. Yaya ya zo ya rungume shi ta baya, tsohon ya kifa kai a ƙirjin ɗansa yana kuka kamar yaro.

Can ya ɗago ya hango kyamara. Ya goge fuska da hannun riga, ya nuna mai ɗaukar da sanda.

"Kai... kashe. Kada... ta gani."

Allon ya yi baƙi.

Auta ta daɗe zaune, hannu a baki, hawaye na bin yatsunta. Ta lalubo waya ta kira Yaya, ta ce a ba ta Baba. Ta ji hayaniyar yara, ta ji ana jan kujera.

"Auta... lafiya?"

"Lafiya lau, Baba. Muryarka kawai nake son ji. Ka sha magani?"

"Na sha."

"Ƙafar fa? Kana takawa?"

"Har... bakin ƙofa. Ke... kin ci abinci? Muryarki... kamar mai mura."

"Ƙura ce, muna ta share-share." Ta ja numfashi. "Baba, ba ka kewata ko?"

Ta ji numfashinsa a cikin wayar, ta ji wata ƙaramar murya na cewa Kaka ka zo talabijin ya tsaya, Kaka ka gyara mana.

"Yara... na jira. Ni ke saka musu... katun. Ubansu... bai iya ba."

"To Baba, je ka. Zan kira gobe."

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Da safe... ki kira. Gobe... ta yi nisa da yamma."

Ta ce to. Ta ajiye wayar a cinya, tana kuka tana dariya. Daga waje ta ji an turo ƙofar gida, ta ji takun da ta sani. Ta goge fuska da sauri, ta miƙe ta nufi ƙofa.